Muryar Malam a Cikin Faifai

Ranar da abin ya fara, na dawo daga wurin aikina a unguwar Kongo, ko takalmi ban cire ba matata ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Akwatinka fa ya ƙi kawo karatu. Inna tun azahar take zaune tana jira."

Akwatin da take nufi wata tsohuwar kwamfuta ce da na ajiye a falonmu na Tudun Wada, ƙarƙashin teburin talabijin. Faifan ajiyar da ke cikinsa shi na zuba wa duk abin da gidanmu ya mallaka na hoto da murya: bidiyon bukukuwa, na sunan yara, da tsofaffin hotunan da na bi gidajen dangi na tattaro. Na haɗa shi da talabijin da wayoyin gida, kowa ya zaɓi abin da yake so daga inda yake zaune. Irin wannan akwati ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake. In aka yi baƙi kuwa sai na san yadda na karkato da hira ta biyo ta kansa, don gaskiya ina ji da abina.

Amma duk wannan tarkace ne in aka ajiye shi kusa da abu guda, wato muryar mahaifina. Malam, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana ba da karatu a zauren gidan nan, kuma wani ɗalibinsa ya taɓa ɗaukarsa a kaset, guda ɗaya tak. Bayan rasuwa aka kawo mana shi. Da na zo juya shi zuwa kwamfuta zaren ya riga ya tsufa, yana kaiwa ƙarshe ya tsinke ya cukurkuɗe a cikin rikodar, har sai da na sa almakashi. Ban damu ba a lokacin, tunda muryar ta riga ta shiga faifai.

A cikin ɗaukar akwai tilawa, akwai fassara, akwai tarin Malam da kukan awakin maƙwabta. Can bayan tsakiya kuma sai ya katse karatun, ya ɗaga murya zuwa cikin gida ya ce, "Ke, tuwon nan naki ai ya kama, har nan nake jin ƙaurinsa!" Ɗalibai su yi dariya ƙasa-ƙasa, daga nesa a jiyo Inna ta mayar da wata magana da ba a iya rarrabewa. Inna ba ta taɓa cewa wannan wurin take jira ba, kuma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. Amma in an kusa wurin carbinta tsayawa yake yi, kowa a gidan ya sani. Kullum bayan azahar take saurare, ba fashi.

Na shiga falon na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ba fushi ba ne. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, hira kuwa babu ita tsakaninmu in ba gaisuwa ba. Duk abin da take so matata take faɗa wa, ko da ina zaune a wurin: "Ki ce wa mijinki kaza." Ni ma ta bakin matata nake mayar da amsa, haka na taso na gani. Rimot ɗin ma matata ce ta koya mata, nan ake kunna Malam, nan ake tsayar da shi.

Da na duba talabijin sai na ga baƙin allo da fararen rubutu. Akwatin yana cewa tsarin fayilolinsa ya rikice, in ba shi izini ya gyara. Abin da wannan ke nufi shi ne, faifai ba ya ajiye fayil a dunƙule. Gutsuttsura shi yake yi ya watsa a wurare daban-daban, sannan akwai ɓangaren da ya san wane gutsure ke bin wane. In wannan ɓangaren ya rikice, kaya suna nan, amma ba a san na wa da na wa ba. Na ba shi izini. Ya yi ta ƙirge-ƙirgensa, can ya ce ya gyara, muryar Malam ta dawo. Inna ta ce wa matata, "Ki ce Allah ya yi albarka." Na fita ina jin kaina gwani.

Ba a rufa mako ba ya sake. Na sake gyarawa. Ya kuma sakewa. Daga nan abin ya zama mini kamar zazzaɓin damina, ka sha magani ya lafa, ka fara murna ya dawo.

Duk lokacin da na bincika, magana ɗaya akwatin yake faɗa, wai an yanke masa wuta bagatatan yana tsakiyar aiki. To, a nan ne raina yake ɓaci. Wace wuta? Saboda wannan akwatin fa na sa sola a gidan nan, da inbata da batir, don kada ɗauke wuta ya taɓa shi. Kuma duk yammar da na dawo a kunne nake samunsa, 'yar fitilarsa tana ƙiftawa, fankarsa tana juyi. Ban taɓa zuwa na tarar da shi a kashe ba. Sai na ce ƙarya yake yi, wata cutar ce daban.

Babu abin da ban taɓa ba. Na canza kebul ɗin da ke haɗa faifan da jikin kwamfutar. Na canza abin da ke raba mata wuta a ciki. Na kwance ta na hure ta, na mayar. Na sa manhajar da ke auna lafiyar faifai, ta ce lafiyarsa lau, har da koren rubutu, sai ka ce tsokanata take yi. Na shiga intanet ina karanta shawarar mutanen da ba su san ana ɗauke wuta a duniya ba, kowa da tasa, wannan ya ce kaza ne, wancan ya ce wannan ɗin jahili ne. Na kira mai gyaran wuta ya bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya, ya ce bai ga komai ba. Na tara yara na tsare su da tambaya ina zare ido, har 'yar autarmu ta fashe da kuka ba ta san laifinta ba. Na zargi ɓeraye. Wallahi har tarko na ɗana.

Da na gaji sai na naɗe akwatin a bargo na ɗora a babur na kai wa wani abokina da ke gyaran kwamfuta a Kwangila. Ya kunna shi a shagonsa ya bar shi kwanaki, ga zafi, ga janaretan maƙwabcinsa yana girgiza bango, amma ko tari akwatin bai yi ba. Da na je ɗauka ya ce, "Abokina, akwatinka lafiyarsa ƙalau, gidanku ne ba lafiya. Ko dai masu ruƙiya za ka nema?" Na ce masa ya raina wa kansa hankali. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na dawo da shi gida, bai yi kwana nawa ba baƙin allon ya sake fitowa.

Duk da haka hankalina bai gama tashi ba, don ina da madogara. Akwai wani faifan na biyu da na maƙala wa akwatin ta waje, na saita shi duk abin da ya canza a na ciki ya kwafe shi da kansa. In na cikin ya mutu, ga ɗan'uwansa. Da wannan nake lallashin kaina duk lokacin da na ga fararen rubutun nan.

Sai wata ranar Asabar ina tsakar gida ina wanke babur, karatu yana tashi daga falo, Malam yana tsakiyar jan aya, kawai sai na ji guɗa. Guɗa sosai, ayyururui, da kiɗan ƙwarya, daga bakin lasifikar da Malam ke karatu. Na ji Inna ta ce, "A'uzu billahi!" Can guɗar ta yanke, Malam ya ci gaba daga wani wuri daban kamar ba abin da ya faru. Na yar da soson da ke hannuna. A wurin gyare-gyaren da akwatin yake yi wa kansa, ya ɗauko gutsuren bikin ƙanwata ya ɗinka a tsakiyar tilawar mahaifinmu.

Na ruga na buɗe faifai na biyu. Ashe shi ma biyayya ya yi mini. Ya ga fayil ɗin Malam ya canza, ya share mai kyau da ke wurinsa ya fara kwafo gurɓataccen, kuma ko shi ɗin bai gama ba wani abu ya katse shi. Abin da na samu guntu ne, farkon tilawa kawai, ya yanke tun kafin a je ko kusa da maganar tuwo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na zauna a ƙasa dirshan, na rasa wa zan zaga.

Yanzu ke nan maganar nan ta Malam wuri ɗaya take a duniya, cikin faifan da ke ciwo. In an kunna yana kaiwa wurin, da ƙyar, yana 'yar sarƙewa. Amma in na ce ya kwafo mini fayil ɗin zuwa filashi, sai ya tafi ya tafi, ya kai wani wuri ya cije. In jira in jira, ya ce ya kasa karantawa. Na gwada wannan manhaja na gwada waccan, duk a nan suke tsayawa. Na ce to bari in cire shi gaba ɗaya in ajiye, kada a ƙara wahalar da shi kafin in samo dabara. Yini ɗaya na yi hakan. Da na dawo matata ta ce, "Ka mayar mata da abinta. Yau ko abincin rana ba ta taɓa ba." Na mayar, ina ji ina gani.

Abokin nan nawa na Kwangila ne ya kira ni wata rana ina ofis, wajen azahar. Ya ce, "Wai ni kam, ba ka ce yana kunnuwa ba? To ka kunna mana, ka ɗora wayarka kusa da lasifika ta ɗauka. Ko ba ta fita tas ba, ai murya ce." Duk manhajojin duniya na bi, wannan bai zo mini a rai ba, shi ma sai ranar ya faɗo masa. Na kira matata ba ta ɗaga ba. Ban ko nemi izini ba na hau babur, yadda na keto Tudun Wada a ranar Allah ne kawai ya tsare.

Ina shiga zaure na jiyo muryar Malam. Alhamdu lillahi, yana kai. Na san karatun nan kamar tafin hannuna, na ji ya wuce wurin guɗar, saura kaɗan a zo maganar tuwo. Na tsaya a bakin ƙofar falo ta bayan labule, don ban saba faɗa wa Inna kai tsaye tana zaune ita kaɗai ba. Na ciro waya ina lalubar wurin ɗaukar murya. Daidai nan wasu mata maƙwabta suka yi sallama daga tsakar gida, da hayaniyarsu da dariyarsu, sun zo yi wa Inna bangajiyar wani suna. Ta cikin labule na ga Inna ta ajiye carbi. Ta danna rimot, Malam ya yi shiru. Sannan ta miƙa hannu bayan kujerarta, a natse, irin miƙawar wanda ya saba, ta kashe makunnin soket ɗin bango. Fitilar akwatin ta mutu, fankar ta tsaya.

"Inna!"

Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga mata murya ba. Matan da ke shigowa suka yi cirko-cirko, matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Na bankaɗe labulen na durƙusa na kunna soket ɗin. Fanka ta tashi. Daga cikin akwatin sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji ba, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a jere. Ko baƙin allon nan da na tsana bai fito ba. Na kashe na kunna, ƙwas, ƙwas. Na taɓa karanta bayanin ƙarar nan, na san abin da take nufi: faifan ne ya mutu.

Matan suka ga ba lafiya, suka ce sa dawo. Inna ta gyara lulluɓinta ta dubi matata ta ce, "Ki tambaye shi lafiya?"

Na ce da matata, "Tambaye ta, tun yaushe take kashe wannan?"

Matata ta ce, "Ai kullum ne. In baƙi sun zo, ko yara sun cika falo da ihu, ko an kira salla. In an natsu ta kunna."

"Kin sani? Kina kallona ina haukan nan wata da watanni?"

"Haba, ka tambaye ni ko an ɗauke wuta, na ce a'a. Ka tambaye ni ko yara sun taɓa, na ce a'a. Ni ina na san kashe soket laifi ne? Rediyo ma ai haka ake yi masa."

Gaskiyarta. Kuma ko da wasa bai taɓa zuwa mini in sa Inna cikin waɗanda zan bincika ba. Wa zai tsare uwarsa da tambaya, balle ɗan fari?

Inna ta ce, har yanzu matata take kallo, "Ki faɗa masa, in na danna wannan abin murya ce kawai take ɗaukewa. Na kara kunnena na ji, yana nan yana gunji a ciki, fitila tana ƙiftawa. Karatun bai tsaya ba ke nan. To ya za a yi ana jan ayoyin Allah mutane suna shewa a kai? Malam bai taɓa yarda an yi surutu yana karatu ba. Yana raye ban bari ba, sai don ya mutu?"

Me zan ce? In ce mata ƙarar fanka ce? Duk fushin da na tara na watanni, wanda na sauke wa yara da mai gyaran wuta da ɓeraye, ya taso ya rasa inda zai sauka. Na ji tausayinta, na ji haushinta, na ji kunyar ihun da na yi mata, duk a lokaci ɗaya. Akwatin kuma yana ta ƙwas, ƙwas a tsakaninmu, sai da na sa hannu na kashe shi da kaina.

Sai Inna ta juyo ta dube ni. Ni, ba matata ba. Ta ce, "Ni na kashe shi?"

Na ce, "A'a Inna. Tsufa ne. Dama ya tsufa."

Ta ɗan jima tana kallona, sannan ta mayar da idonta bango. Inna ba yarinya ba ce, ta ji irin kiran da na yi mata.

Abin da ya biyo baya ihu ne bayan hari. Abokina ya gwada iyakar iyawarsa ya ce ya fi ƙarfinsa. Muka ba wani direba faifan ya kai Kano, wurin wani da aka ce yana da na'urar buɗe su. Na yi makonni ina kiran waya har mutumin ya fara ƙin ɗagawa. Daga ƙarshe ya aiko da abin da ya iya cetowa: hotuna da dama, sunan yara, da bidiyon bikin ƙanwata cif, ko gutsure bai ɓata ba, har da wurin da ake rabon shinkafa. Na Malam kuwa ya ce daidai nan allurar da ke karanta faifan ta karce, babu abin da ya rage. Na je har Tudun Jukun na samo ɗalibin da ya yi ɗaukar, yanzu shi ma ya manyanta. Ya ce wanda ya kawo mana shi ke nan, bai taɓa juya shi ba. Ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Guntun nan na faifai na biyu na sa wa Inna a waya. Ta saurara sau ɗaya, ya kai inda ya yanke, ta miƙa wa matata wayar. Ba ta sake nema ba.

Ni da na so in kai akwatin ɗakin ajiya in huta da ganinsa. Matata ta ce Inna tana tambayar ina yake. Na dawo da shi ƙarƙashin teburin na jona, fanka ta tashi, fitila ta kama. Babu faifai a cikinsa. Mataccen yana cikin durowata a ofis, na kasa jefarwa. Washegari da na dawo sai na tarar an liƙe makunnin soket ɗin da salatif, an bi shi an sake bi, ko da gangan mutum ba zai iya danna shi ba. Matata ta ce Inna ce da hannunta, kuma ta tara yara ta ce duk wanda ya kusanci wurin ita da shi ne. In baƙi suka zo yanzu, tsakar gida take shimfiɗa musu tabarma.

Rannan ina cin abinci na ji Inna ta ce wa matata, "Ki tambaye shi, in aka bar shi a kunne ya huta, ba a taɓa shi ba, yana iya dawowa?"

Matata ta dube ni. Ta san babu komai a ciki. Na ajiye cokali na ce, "Ki ce mata sai abin da Allah ya yi."

A daminar bana an yi kwanaki rana ba ta fito ba, ga ba wuta, batir ya yi ƙasa har inbata ta fara kuka. Dole a rage kaya. Na bi gidan na kashe firij, na kashe fankar ɗakina, na ce yara su haƙura da kallo. Akwatin na bar shi a kunne.